Idan Word, Excel da Outlook Suka Maƙale a Sabar Haɗaka: Bin Sawun Lamari Ɗaya

Ma'aikaciya ta buɗe takarda a Word, ta kai linzami don ta gyara layi ɗaya, sai tagar ta yi fari-fari kamar hazo ya rufe ta. Kibiyar linzamin ta koma zobe tana juyawa, a can sama an rubuta Not Responding. Kafin ta ɗaga kai, na kusa da ita ya ce, "Hajiya, ke ma ta tsaya miki? Ai Excel ɗina ta ƙame." Bayan kamar rabin minti komai ya saki, kowa ya ci gaba da aiki. Zuwa azahar abin ya maimaitu sau da dama.

Lamarin da za a bibiya a nan irin wanda ke yawan aukuwa ne a ofisoshin da ma'aikata ke aiki a kan saba ɗaya ta Remote Desktop, wato babbar kwamfuta guda da kowa ke shiga daga tasa kwamfutar yana gudanar da manhajojinsa a cikinta. An tsara shi a kan ofishi guda, da alƙaluma na misali, don a ga yadda ake bin sawu daga ƙorafi har zuwa gyara.

Ofishin na akantoci ne, mai ma'aikata 38, da hedkwata da reshe ɗaya a wani gari da aka haɗa ta VPN, wato keɓantacciyar hanya ta cikin intanet. Sabar da kowa ke shiga Windows Server 2019 ce, an yanko ta daga babbar na'ura da furosesa 8 da RAM gigabait 48. Office ɗin Microsoft 365 Apps ne mai bit 32, saboda wata manhajar lissafi da ake jona wa Excel ba ta aiki da mai bit 64. Furofayil ɗin kowane ma'aikaci, ma'ana saituttukansa da fayilolinsa, yana cikin kwantenar FSLogix, wato fayil ɗin VHDX guda ɗaya, a wata sabar ajiya mai had-dis huɗu masu juyawa da aka ɗaure a RAID 5, tsarin da ke haɗa su su zama faifai ɗaya tare da lissafin kariya ko da ɗaya ya mutu.

Abin da aka fara gwadawa

An gyara Office, da ya ƙi aka cire aka sake sa shi. An ƙara RAM. An sa sabar ta riƙa kashe kanta tana tashi kowane dare. An kashe hanzarin hoto ta hanyar sa DisableHardwareAcceleration ya zama 1 a rajista, wato ma'ajiyar saituttukan Windows. Duk bai hana ba. Kashewa da kunnawar dare ta ɗan kawo sauƙi da sassafe, abin da ya sa aka ɗauka an kusa, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Dalilin faɗuwar waɗannan matakai yana cikin ma'anar kalmar Not Responding ɗin kanta. Kowace tagar manhaja tana da babban zaren aiki guda ɗaya da ke karɓar saƙonni daga Windows: an latsa nan, an buga harafi kaza, a sake zana wancan gefen. Idan zaren ya yi daƙiƙa 5 bai ɗauki saƙo ba, sai Windows ta ɗora tagar bogi mai hazo a kan ta asali, ta rubuta cewa ba ta amsawa. Ke nan rubutun bai ce manhajar ta lalace ba. Cewa ya yi ko dai ta shagala da aiki mai nauyi, ko kuma tana jiran wani abu da bai zo ba. A kwamfutar mutum ɗaya abin da ake jira nasa ne shi kaɗai. A sabar haɗaka kuwa mutum 38 ne ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya: layin bugawa ɗaya, faifai ɗaya, furosesa ɗaya, hanyar fita intanet ɗaya. Sake sa Office daidai yake da canja guga alhali rijiyar ce ta toshe.

Tambayoyi uku kafin a taɓa komai

Ta farko: manhajar ce ta tsaya, ko allon ne gaba ɗaya? Wannan tambaya tana raba matsalar saba da matsalar layi. A ce wa ma'aikaci, da zarar Word ta ƙame, ya latsa Start ko ya buɗe Notepad ya buga haruffa. Idan Notepad na rubutu lafiya, to layinsa da sabar ƙalau yake, Word ce ke jira. Idan komai ya sandare har da linzami, sannan daga baya haruffan da ya buga suka zubo lokaci guda, layi ne. Mai kula da saba zai iya tabbatarwa da idonsa: ya buga quser ya ga lambar zaman mutumin, sannan ya leƙa da mstsc /shadow da wannan lamba. In a wurinsa abubuwa na motsi amma a wurin ma'aikacin allo a tsaye yake, sai a koma kan hanyar sadarwa, a gwada tilasta wa RDP, wato tsarin da kwamfutar ma'aikaci ke magana da sabar da shi, bin TCP kaɗai (TCP da UDP hanyoyi biyu ne na aika bayanai) ta manufar Select RDP transport protocols, domin tun RDP 8.0 yana amfani da UDP ma a tashar 3389, kuma UDP kan ba da wahala a wasu VPN. A wannan ofishi Notepad na aiki sumul. Aka ajiye zancen layi.

Ta biyu: mutum ɗaya ne, ko jama'a ne lokaci guda? Ta uku: tsawon wane lokaci take yi kafin ta saki? Don waɗannan biyun aka raba wa mutum biyar takarda, aka ce duk sanda abin ya faru su rubuta lokaci, da sunan manhajar, da abin da suke yi, su kuma auna daƙiƙoƙi da agogon wayarsu. Kada a raina wannan takarda. Event Viewer, kundin da Windows ke adana abubuwan da suka faru, na rubuta lamba 1002, wato Application Hang, amma sai idan an rufe manhajar da ƙarfi tana cikin maƙalewa. Wadda ta ƙame ta kuma saki da kanta ba ta barin komai a can, kuma irinta ce ta fi yawa.

Bayan kwana uku takardun suka nuna cuta biyu ce ba ɗaya ba. Word da Excel na tsayawa ga mutane da yawa a minti ɗaya, a kowane lokaci na yini, kuma tsawon tsayuwar na taruwa ne a kusan daƙiƙa 20, ko 40, ko 60. Outlook kuwa nata daban: ta fi yi da safe tsakanin takwas da rabi zuwa tara da rabi, da kuma bayan azahar, tsawonta ba shi da ƙa'ida, kuma wasu mutum bakwai sun fi kowa shan wahalarta.

Word da Excel: wa suke jira?

Ana buƙatar a kama manhajar tana cikin maƙalewa. Mai kula da saba ya bar Task Manager a buɗe a shafin Details, ya jera ta sunan mai amfani, ya ce a kira shi da zarar ta tsaya. Da aka kira, abu na farko da ya duba shi ne furosesa: WINWORD.EXE na kan sifili. Ba aiki take ba, jira take. Sai ya latsa dama a kanta ya zaɓi Analyze wait chain. Akwatin ya nuna Word na jiran splwow64.exe, shi kuma yana jiran spoolsv.exe.

Ga fassarar wannan sarƙa. Word da Excel ba sa jiran sai an ce su buga takarda kafin su yi magana da firinta. Suna tambayar direban firintar da aka naɗa ta farko, wato ƙaramar manhajar da Windows ke sarrafa firintar da ita, tun lokacin buɗewa, da lokacin tsara shafi, da duk sanda aka shiga Page Layout ko Page Break Preview a Excel, don su san girman takarda da iyakar gefe. Manhaja mai bit 32 ba ta iya ɗaukar direba mai bit 64 kai tsaye, don haka splwow64.exe ne ɗan aikenta, kuma kowane zama yana da nasa. Amma spoolsv.exe, wato Print Spooler mai tsara layin bugawa, guda ɗaya ne tak a duk sabar. Idan direba ɗaya ya riƙe shi, duk wanda ya zo tambayar firinta sai ya bi layi, ko da tasa firintar lafiyarta lau. Wannan ne ya sa mutane ke tsayawa tare.

Saura a san wane direba ne. Aka kunna Process Monitor na Sysinternals, aka tace ya nuna spoolsv.exe da splwow64.exe kaɗai, tare da ayyukan hanyar sadarwa. A bar shi yana rubutawa a fayil, kuma a kunna Drop Filtered Events, in ba haka ba a saba mai mutum 38 zai cinye mamori cikin mintoci kaɗan ya ƙara wa borno dawaki. A tsayuwa ta gaba sai ga jerin TCP Reconnect zuwa adireshi ɗaya, na cikin rukunin adireshin reshe. Firinta ce babba da ke can reshen, an sa ta kai tsaye a sabar da tashar TCP/IP da cikakken direban kamfaninta, irin wanda ke tuntuɓar na'urar ya tambayi tire nawa gare ta da ko akwai takarda. Duk sanda aka ɗauke wuta a reshen, kwamfutoci da rauta na ci gaba a kan inbata, firintar kuwa ba a jona ta ba saboda cin wutarta. VPN na nan, adireshin na nan a rubuce, amma babu mai amsawa.

A nan ne alƙaluman takarda suka yi ma'ana. Idan Windows ta nemi haɗin TCP da na'urar da ba ta ce uffan ba, takan sake gwadawa tana ƙara tazara, sai bayan kusan daƙiƙa 21 ta haƙura. Gwaji ɗaya 21, biyu 42, uku 63. Duk inda ka ga maƙalewa na zuwa da tsawo iri ɗaya kamar an auna, to wa'adin jira ne ke cika, ba nauyin aiki ba ne. Nauyin aiki bai san agogo ba.

An tabbatar da hanya biyu masu sauƙi. Aka buga Test-NetConnection da adireshin firintar da -Port 9100 lokacin da babu wuta a reshe, ya daɗe sannan ya ce ya kasa. Aka kuma mayar da firintar farko ta mutum uku zuwa Microsoft Print to PDF. Tsayuwarsu ta ragu ƙwarai amma ba ta ƙare ba, wanda ya nuna har yanzu suna faɗawa layin da wasu suka tare.

Da aka buɗe printmanagement.msc sai aka ga ɓarnar ta wuce firinta ɗaya. Direbobi sun kusa talatin, wasu na firintocin da aka daɗe da sayarwa. Kowane ma'aikaci kuma yana shigowa da duk firintocin kwamfutarsa, masu ɗauke da kalmar redirected da lambar zama, har da na faks da na manhajojin PDF.

Gyaran ya bi wannan tsari, bayan an tashi aiki, an kuma hana sabon shiga da change logon /drain:

Aka cire firintar reshe daga sabar gaba ɗaya. 'Yan reshe suka koma bugawa ta kwamfutocinsu: firintar na kan kwamfutar mutum, RDP na miƙo ta cikin zama. Ta haka in ta mutu, ba sabar ce ke bugun ƙofarta ba.

A Group Policy, inda mai kula ke kafa wa kowa manufa ɗaya, ƙarƙashin Remote Desktop Session Host da Printer Redirection, aka kunna Use Remote Desktop Easy Print printer driver first, da Redirect only the default client printer. Na farko na sa sabar ta yi amfani da direban Microsoft guda ɗaya ta bar ainihin aikin ga kwamfutar mai bugawa. Na biyu na rage firintocin da kowa ke jawowa zuwa ɗaya.

Aka tsayar da Spooler, aka share takardun da suka maƙale a C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, aka tashe shi, sannan aka bi direbobi ɗaya bayan ɗaya da Remove Driver Package. Idan ya ce direban na kan aiki, a sake kashe Spooler a kunna, a cire nan take kafin wani zama ya kama shi. Daga kusan talatin aka dawo huɗu.

Firintoci biyu na hedkwata da suka rage aka sa musu direban bai-ɗaya na kamfaninsu, aka latsa dama aka zaɓi Set Driver Isolation zuwa Isolated. Wannan dama ta zo tun Windows Server 2008 R2: direban na gudana a cikin PrintIsolationHost.exe nasa, ba a cikin cikin Spooler ba, don haka in ya faɗi ba ya tafiya da kowa. A shafin tashar kowace aka cire alamar SNMP Status Enabled, domin idan firinta ba ta amsa SNMP, wato tambayar halin da take ciki, a tashar 161, Windows kan ɗauka ta mutu alhali tana nan.

Wani abin lura a gefe: tun sabuntawar Agusta 2021 da ta biyo bayan raunin tsaro na Print Spooler da ake kira PrintNightmare, ma'aikaci na gama-gari ba ya iya sa direban firinta ta Point and Print sai da izinin mai kula. Akwai masu buɗe wannan ƙofa a rajista don su huta da kira. A saba mai mutum da yawa wannan ganganci ne. Mai kula ya sa direbobin da hannunsa, ya bar ƙofar a rufe.

Washegari Word da Excel suka daina tsayawa tare. Outlook kuwa tana nan yadda take.

Outlook: faifan da ba ya iya ɗauka

Analyze wait chain bai nuna wata manhaja da Outlook ke jira ba. Sai aka koma Resource Monitor, shafin Disk, aka jera ta Response Time. Fayilolin da ke sama duk masu ƙarewa da .ost ne, kuma lokacin amsarsu na haura milisakan ɗari da safe. Faifai mai lafiya ya kamata ya amsa ƙasa da milisakan 10 zuwa 15. In ya zarce 25 ya zauna a can, mutane za su ji a jikinsu.

OST shi ne kwafin akwatin wasiƙu da Outlook ke ajiyewa kusa da ita idan tana Cached Exchange Mode; ainihin akwatin yana kan Exchange, sabar wasiƙu. Tana karantawa tana rubutawa a cikinsa ba ƙaƙƙautawa, ƙanana-ƙanana, nan da can. A wannan tsari fayil ɗin na cikin kwantenar FSLogix, wadda sabar ke gani kamar faifanta ne, alhali kowane karatu sai ya bi waya ya je sabar ajiya ta SMB, hanyar da Windows ke raba fayiloli tsakanin kwamfutoci. Don haka a Performance Monitor ba faifan C ake dubawa ba. A sabar haɗaka a duba SMB Client Shares, ma'aunin Avg. sec/Data Request, a sabar ajiya a duba Avg. Disk sec/Read da Avg. Disk sec/Write na faifan da kwantenonin ke kai. A haɗa da User Input Delay per Session, wanda Windows Server 2019 ke da shi, yana auna milisakan nawa latsawar mutum ta yi a layi kafin manhaja ta ɗauka. Aka bar su suna rubutawa duk daƙiƙa 15 na kwana biyu.

Lissafin ba ya buƙatar dogon nazari. Had-dis mai juyi 7,200 a minti yana ba da aiki 75 zuwa 100 a daƙiƙa idan karatun a warwatse yake. A ɗauki 80. Guda huɗu sun ba da 320. Amma a RAID 5 kowane ƙaramin rubutu ɗaya na cin aiki huɗu: a karanta tsohon bayani, a karanta tsohon lissafin kariya, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafi. Idan rabin aikin rubutu ne, abin da ya rage a hannu bai wuce 128 ba. Ƙiyasin da Microsoft ke bayarwa ga FSLogix kuwa shi ne aiki 10 a daƙiƙa ga kowane mutum yana cikin aiki, da 50 lokacin shiga ko fita. Mutum 38 sau 10 ya kama 380, tun ba a zo maganar safiya ba, lokacin da goma ke shiga a tare. An ɗora wa jaki kayan raƙumi. Tsayuwar bayan azahar kuma ta zo daidai da lokacin da manhajar ajiyar kwafi ke kwasar sabar ajiya, wanda wani ya sa da rana don kada wutar dare ta katse shi.

Su kuma mutum bakwai ɗin fa? Su ne masu izini a kan manyan akwatunan wasiƙu na haɗaka guda biyu, na karɓar takardun kuɗi da na tambayoyin abokan hulɗa. Idan aka ba mutum Full Access a Exchange, Outlook na jawo masa akwatin da kanta, kuma muddin Download shared folders na kunne, kwafinsa na shiga cikin OST ɗin mutumin. Akwati ɗaya ya zama kwafi bakwai, kowace sabuwar wasiƙa a rubuta ta sau bakwai a faifan da dama numfashi yake da ƙyar. OST ɗinsu ya kai gigabait 24 zuwa 28. Microsoft da kanta ta ce daga gigabait 10 ake fara ganin ɗan tsaitsayawa, kuma yana ƙaruwa in an doshi 25. Ga wani tarko kuma: Outlook na barin OST ya kai gigabait 50, amma girman kwantenar FSLogix na asali megabait 30,000 ne, wato kusan gigabait 30. Kwantenar kan cika tun Outlook ba ta san ta kusa iyaka ba. Biyu daga cikin bakwai ɗin sararin da ya rage musu bai kai megabait 200 ba, shi ya sa su har Word kan kasa ajiye fayilolinta na wucin gadi.

An fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ajiyar kwafi ta koma bayan tashi daga aiki. A riga-kafin bairos na sabobin biyu aka keɓe fayilolin VHDX na kwantenoni, da frxsvc.exe, da direbobin frxdrv.sys da frxdrvvt.sys da frxccd.sys, kamar yadda takardun FSLogix suka tanada. Kafin nan duk shigar mutum sai an bincike fayil mai gigabait ashirin da wani abu. Aka tabbatar RoamSearch a kashe yake, domin Windows Server 2019 na ajiye wa kowa ma'adanar bincikensa a furofayil ɗinsa da kanta, kuma haɗa biyun na sa a yi ta sake gina ta. Aka ɗaga SizeInMBs a HKLM\SOFTWARE\FSLogix\Profiles don waɗanda suka cika su samu wurin juyawa.

Sannan aka rage abin da Outlook ke riƙewa. Ta Group Policy aka sa Cached Exchange Mode Sync Settings zuwa wata 3, wanda a rajista shi ne SyncWindowSetting. Tsofaffin wasiƙu ba su ɓata ba, suna kan Exchange, bincike na kai wa gare su. A kan akwatunan haɗaka an yi gardama, kuma gardamar na da tushe. Idan aka kashe Download shared folders, OST zai sauƙaƙa, amma duk latsawa a cikin akwatin sai ta je intanet ta dawo. A layin da ba shi da ƙarfi an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Abin da ya fi dacewa a nan shi ne a cire izinin, a mayar da shi da Add-MailboxPermission tare da -AutoMapping $false, sannan mutum uku da aikinsu ke kan akwatin kullum a sa musu shi a matsayin asusu na daban mai nasa OST da nasa wa'adin wata 1. Sauran huɗun, masu leƙawa jefi-jefi, su buɗe ta burauza.

Rage wa'adi ba ya sa tsohon OST ya motse nan take, sai an sake gina shi. A nan ake yin kuskure mai tsada: a goge na kowa dare ɗaya, da safe mutum 38 su hau sauke wasiƙu lokaci guda, layin intanet da faifai su durƙushe tare. Mutum biyar-biyar aka riƙa yi kowace yamma. Kafin a taɓa na kowa sai an duba Outbox ɗinsa babu wasiƙar da ba ta fita ba, a rufe Outlook, a kwashe tsohon fayil zuwa wajen kwantena, ba a canja masa suna a bar shi a ciki yana cin wuri ba. FSLogix daga fitowar 2210 yana matse kwantena da kansa lokacin fita, don haka sararin ya dawo a hankali.

Duk da haka lissafin 128 da 380 na nan. Waɗannan matakai sun saukar da nauyin, ba su sauya faifan ba. Sai da aka mayar da kwantenonin kan SSD biyu masu madubin juna, wato RAID 1, sannan lokacin amsa ya sauko ƙasa da milisakan 5 har da safiya. Kuɗin da aka kashe tun farko wajen ƙara RAM, da nan aka kai shi da an huta tun tuni. Ma'aunin Available MBytes bai taɓa sauka ƙasa da gigabait goma ba ko kafin ƙarin.

Ragowar ƙananan abubuwa

Ƙarshen wata ya fito da cuta ta uku. Wani babban fayil ɗin Excel mai dubban layukan VLOOKUP, idan ya hau lissafi, yana kama furosesa takwas ɗin duka, domin Excel na amfani da duk abin da ta samu in ba a hana ta ba. Wannan karon Task Manager ya nuna ta a sama, ba sifili ba. A Options, Advanced, sashen Formulas, aka rage zaren lissafin mai fayil ɗin zuwa 4, aka mayar da littafin kan lissafin hannu, ya riƙa danna F9 idan ya gama shigar da alƙaluma.

Manhajojin jone, wato add-ins da ake ƙara wa Excel da Outlook, an gwada su tun farko da excel /safe da outlook /safe, ba su ne ba a nan, amma kada a tsallake gwajin. Lamba 45 a Event Viewer na jera kowace da milisakan da ta ci wajen tashin Outlook. An tabbatar SharedComputerLicensing na kan 1 a ƙarƙashin ClickToRun\Configuration, domin shi ne ke ba Office damar aiki a sabar da mutane da yawa ke shiga. Shawarar nan da ke yawo ta a kashe ADAL ko WAM, hanyoyin da Office ke shiga asusu da su, a rajista idan tagar shiga ta maƙale, a guje ta: Microsoft ba ta goyon bayanta, kuma takan karya tabbatarwa mai mataki biyu. Fair Share na faifai da na furosesa, masu raba ƙarfin sabar daidai tsakanin masu aiki, su ma an bar su yadda suke. Akwai inda kashe su ke taimakawa, amma ba a taɓa abin da awo bai nuna ba, kuma ba a sauya abu biyu rana ɗaya, don a san wanne ya yi aiki.

Da sarƙar jira ba ta nuna komai ba, mataki na gaba shi ne procdump -ma -h da lambar aikin manhajar, wanda ke ɗaukar hoton mamorinta da zarar tagar ta yi daƙiƙa 5 ba amsa. A buɗe shi a WinDbg a buga !analyze -v -hang, a duba sunan wane DLL, wato ɓangaren manhaja ko direba, ne a saman zaren farko. A yi amfani da lambar aiki ba suna ba, tunda WINWORD.EXE na iya kai ashirin a sabar. Fayil ɗin na ɗauke da abin da mutum ke rubutawa a lokacin, don haka a adana shi kamar takardar sirri, a goge idan an gama.

An sa wa'adin awa 3 ga zaman da aka katse ba a fita ba, ta manufar Set time limit for disconnected sessions, saboda masu rufe taga su tafi gida suna barin Outlook na aiki kuma kwantenarsu a kulle. An hana Office sabunta kansa da rana. Ana yi ne ranar Asabar, bayan change logon /drain da fitar kowa, sannan change logon /enable. Ma'aunin Performance Monitor ɗin nan an bar shi yana gudana, an rage shi zuwa duk minti ɗaya, yana juya fayil kowane mako. Firintar reshe kuma an rubuta a jikinta cewa duk wanda zai sauya ta ko ya ƙaro wata, ya fara kiran mai kula da saba.